Sunayen da Na Zuba a Kumadugu

Hadiza, Sani, da ku ƙananan da ba ku yi wayo ba a lokacin, na san abin da kuka tashi kuna ji a kaina a unguwa, na kuma san kun daɗe kuna son tambayata kunya tana hana ku. An ce muku ubanku ladan ne aka tuɓe shi don ya bi addinin wani tsohon Bature. Tuɓewa kam an tuɓe ni, ba na musu. Amma wallahi ban taɓa barin salla ba ko ta wuni ɗaya, ban taɓa taka ƙofar coci ba, wanda kuma ya ce ya gan ni a ciki ya zo ya faɗa a gabana tun ina da rai. Na yi laifi a shekarar nan, babba ma kuwa, sai dai ba shi ne wanda ake faɗa muku ba. Wanda na yi ɗin, har shayi aka dafa mini a kansa ana sa mini albarka. Shi nake so ku ji daga bakina.

Kun san daga Damagaram na zo Diffa, ina falanto, wato masinja, a biron gona, ofishin ma'aikatan noma, ina kai takarda ina kawo takarda. Da aka rage ma'aikata aka sallame ni, sai na samu gadi a gidan wata Baturiya, likita ce a wani furoje, wato shirin taimako, na mata masu ciki da yara, kowa Madam yake ce mata. A lokacin na riga na auri uwarku Fanna, yayanta Bulama Kyari kuma ya yanka mini ɗan fili a gefen gonarsa ta bakin kogi ina dasa tattasai. Ya riƙe ni da kyau, ba zan ci namansa yana kabari ba. Amma shekara goma sha na yi a cikinsu, idan magana ta yi zafi sai su juya ta Barbarci su bar ni ina kallon bakinsu, idan an tashi a ce mini, to Bahaushe, ka ji abin da aka yanke. Abu ɗaya ne ya mai da ni ɗan unguwa, shi ne kiran salla. Allah Ya ba ni murya, Ya ba ni kunne. Na yi hadda tun ina gida, abin da ya shiga kunnena sau uku ba ya fita, idan na kira asuba kuwa har masunta a tsallaken Nijeriya suna ji. Na so ladancin nan fiye da yadda ya kamata mutum ya so abu, ku riƙe wannan don ku gane sauran.

Shekarar da ruwan kogin Kumadugu ya yi jinkirin isowa, Madam ta tafi hutu ƙasarsu ta dawo da ubanta, don matarsa ta rasu ba mai kula da shi. Dogon tsoho ne, ya ranƙwafa. Abin da ya fara ɗaure mini kai, ruwan zafi yake sha zalla, ba ganyen shayi ba sukari, a zafin Diffa. Shinkafa kuma da 'yan sanduna biyu yake cinta, ga cokali a ajiye. Na tambayi Madam da ɗan Faransancina na biro, ta ce fasto ne na mishan, irin masu aure. Ya tafi ƙasar Sin yana saurayi yana wa'azi a wani ƙauye cikin duwatsu, da mulki ya canja aka kori irinsu, sai ya bi Sinawan da ke zaune a wasu ƙasashe ya tsufa a cikinsu. Kafin mako ya zagayo unguwa ta raɗa masa Baba Shinuwa, wato Basine. Da na kawo labarin gida uwarku tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Mutumin da ya je har Sin neman mutane," in ji ta, "shi ne zai zo Diffa ya zauna haka kawai? Ka buɗe idonka, Malam."

Aka ƙara mini aiki ɗaya. Kullum idan na dawo daga asuba zan ɗauki kujera in raka tsohon bakin kogi, ƙarƙashin wata tsamiya da ke kan iyakar gonar Bulama. Zai zauna ya fuskanci gabas ya jira. Sai rana ta fara hudowa, daidai lokacin da mu aka hana mu salla, sannan ya kwance wani shuɗin ƙyalle ya fito da kaye, tsohon littafi mai ɗinkin zare, ya buɗe a cinyarsa. Zai ɗora yatsa a shafi ya faɗi wata kalma a bayyane, ya yi shiru leɓensa na motsi, ya matsa yatsa ya faɗi wata, haka har ya kai ƙarshe. Ko zazzaɓi yake yi sai ya je. Ran da aka wayi gari da ruwan sama na ce masa hanya ta yi caɓi, ya ce to in riƙe masa hannu. Ni kuwa ina tsaye bayansa taku biyar, ina jan carbina ina neman tsari, masu zuwa tada injin ban ruwa suna wucewa suna kallonmu.

Da ruwa ya iso aka yi dashe, tattasai ya kama kamar abin arziki. Sai ganye ya fara nannaɗewa, fure yana zuba tun bai ɗaura ba. Daga gonakin kusa da tsamiyar ya fara, ko kuwa can ne ido ya fara gani, yau ba zan rantse ba. Ku da kuka tashi a nan kun san tattasai shi ne hatsinmu, shi ne suturarmu. Mutanen biron gona suka zo suka juya ganye suka ce wani ɗan ƙwaro ne a ƙarƙashi, ba wanda ya saurare su, don ƙwaron nan kowace shekara yana nan. Wata Juma'a bayan an sauko, Bulama ya riƙe hannuna ya ja ni zauren Goni Bukar, limaminmu. Suka yi ta yi da Barbarci, sannan Bulama ya juyo da Hausa.

"Isufu, kai kake ɗaukar masa kujera. Me yake faɗa wa rana a kan gonata?"

Na ce ban sani ba, ba Faransanci ba ne. Goni ya ce ai kunnena ya sani ko ni ban sani ba, in saurara da kyau in kawo masa kalma-kalma. Bai ce zai taɓa ladancina ba, amma ya tambaye ni yana murmushi ko gadin Nasara da kiran salla suna zama lafiya a wuya ɗaya. Na fita a tsorace. Gaskiya kuma ba tsoro kaɗai ba ne, ni ma zuciyata ba ta kwanta da tsohon ba. Yana yawan yi mini kirki, yana tambayar sunayen 'ya'yana ɗaya-ɗaya yana maimaitawa, ni kuwa duk kirkin da ya yi sai in ce a raina, ga tarkon nan an ɗana. Sunanki ma, Hadiza, da ya maimaita shi sau biyu, ina dawowa gida sai da na tofe ki da addu'a.

Na rage taku biyar ɗin nan zuwa biyu. Kalmomi arba'in da bakwai ne, kullum a jere ɗaya, ba ya sauyawa. Cikin kwana goma na haddace su har da hawan muryarsa da saukarta, don na lura idan ya karkata murya ba daidai ba sai ya koma ya gyara, kamar mai karatun tajwidi. Na je na zuba wa Goni su tas. Ya saurara ido a rufe, ya ce ba sunan Allah a ciki, ba na annabi, ba na wani mala'ika da ya sani, abin da ba wannan ba wannan kuwa ana kiransa da hudowar rana, to sunayen aljanu ne. Ya ce in duba masa cikin kayen. Washegari na leƙa ta bayan kafaɗar tsohon. Kowane shafi an ja masa layi gida-gida, sak hatimin da malamai suke zanawa, cikin kowane gida da wani baƙin zane kamar sawun kaza, wasu gidajen kuma ba zane sai tambarin babban yatsa ja wur. Ban ce jini ne ba. Na ce wa Goni ja ne kamar jini, shi kuma ya ce wa Bulama jini ne, kafin la'asar mata a bakin famfo har sun san ko jinin wane ne.

Goni ya yanke a kawo kayen. Ba za a ƙona shi ba, don rubutu ne, ba a ƙona abin da ba a san cikinsa ba. Wanke shi za a yi a ruwa mai gudu, kogi ya tafi da sharrin. Na yi kwana biyu ina kai da kawo, na ɗauka uwarku za ta ƙara mini ƙarfin gwiwa tunda ita ta fara, sai ta kalle ni sheƙeƙe.

"Ido na ce ka buɗe," in ji ta. "Ban ce ka miƙa hannu ba."

Na yi fushi, na ce da ita da yayanta ai bakinsu ɗaya, ni ne dai ake so a ga iyakata. Ranar Madam ta tafi turne, wato rangadin aiki, Ngelbeli. Bayan azahar tsohon yana barci a baranda baki a buɗe, na shiga ɗakin da aka ba ni amanar gadinsa, na kwance ƙyallen na zare kayen, na mai da ƙyallen a ninke yadda na same shi. Da la'asar muka taru ƙasa da tsamiyar, ni da Goni da Bulama da dattawa uku. Aka ce ni zan wanke, tunda hannuna ya riga ya taɓa. Na shiga ruwa har gwiwa na tsoma shi. Jajayen tambarin ne suka fara sakewa, baƙar tawadar kuwa ta ƙi fita duk cuɗar da na yi, Goni ya ce kun gani ko, dattawa suka ja da baya suna salati. Daga nan takardar ta jiƙu ta fara narkewa a tafina, ruwa yana ɗauka yana yin gabas da ita, har ya rage zaren ɗinki da bango, muka tura su cikin laka. Bulama ya kai mu gidansa ya dafa shayi da hannunsa, ya miƙo mini kofin farko ya ce yau na zama ɗan gida. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Magaribar ranar nan ban taɓa kira mai kyawunta ba.

Da safe na tarar da tsohon ya birkice ɗakinsa, yana tsaye da ƙyallen a hannu. Ya tambaye ni ko na ga littafinsa, na ce ban gani ba. Ya daɗe yana kallona, har na fara tunanin ko aljanun nasa sun gaya masa, sannan ya ce in ɗauko kujera, rana za ta fito. Ya shimfiɗa ƙyallen a cinyarsa ba komai a kai, ya ɗora yatsa ya fara. Ranar ya kai ƙarshe, a hankali. Rana ta biyu ya gabatar da kalma ta ashirin da shida a kan ta ashirin da biyar. Rana ta uku ya tsallake biyu, ni ina ji, shi bai ji ba. Abinci kuwa ya daina ci, sai ruwan zafin nan.

Ran nan da yamma Madam ta dawo. Ta shiga ta fito idonta ja, ta same ni a ƙofa, ta ce ko na san abin da ke cikin littafin. Sunayen mutanen ƙauyensa na farko ne, in ji ta. Ranar da aka ce ya fita daga ƙasar, suka zo ɗaya bayan ɗaya, wanda ya iya rubutu ya rubuta sunansa da hannunsa, wanda bai iya ba ya dangwala yatsa da jar tawadar da suke buga tambari da ita. Ya yi musu alkawari zai ambaci kowa da sunansa a gaban Allah kowace safiya har ya mutu. Suka raka shi bakin ƙauye rana tana hudowa, shi ya sa yake yi a lokacin, gabas kuma can ƙasarsu take. Tun daga ranar bai sake jin labarin ko mutum ɗaya ba, fiye da shekara arba'in, bai san wanda ke raye ba. Ta ce kansa ya fara mantuwa, rubutun hannun nan ne yake riƙe masa su. Na ce Allah Ya bayyana shi, na rufe ƙofa. A raina na ce dole ta faɗi haka, ubanta ne. Amma na zauna ina lissafin asubar da ta taɓa kuɓuce mini, ni da nake ladan, na ga sun fi ƙarfin yatsuna.

Rana ta huɗu ya tsaya a ta goma sha tara. Ya koma farko ya taho, ya sake tsayawa a wurin. Ya koma na uku. Yatsansa yana kan ƙyallen, bakinsa a buɗe, hawaye yana bin gemunsa, rana kuma ta riga ta rabu da ruwa. Ku kun san idan liman ya kakare a karatu, na bayansa ba ya shawara da kowa, bakinsa ne yake buɗewa. Haka ta same ni. Na ji muryata ta ce, Shiyu Lan. Bai waiwayo ba. Ya maimaita, ya yi shirunsa, ya wuce gaba. A ta ashirin da biyar na sake ba shi, da ta talatin da ɗaya, har muka kai ƙarshe. Ya ninke ƙyallen, sannan ya yi magana yana kallon kogi.

"Tun yaushe kake saurare, Isufu?"

"Tun da aka yi dashe, Baba."

"Littafin fa?"

Na nuna masa ruwa. Na gaya masa duka, hatimi da jini da tattasai, ban rage ba. Na so ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Shi kuwa sai ya ce Shiyu Lan tsohuwa ce mai saƙa, yatsa ta dangwala, ta shafa ragowar jan a goshin jikanta yana kuka. Daga nan ya miƙo mini hannu in tashe shi, ya ce gobe in matso da kyau, kunnensa na hagu ya fi ji.

Madam da ta ji, ta ce sai kwamisariya wurin 'yan sanda, ta ce in tattara tabarmata. Tsohon ya hana. Ta zaunar da mu ta rubuta sunayen da boko manya-manya daga bakina, ya karɓi takardar ya yi godiya, amma idan ya ɗora yatsa sai ya ɓace a layi, ya ce ba ya ganin fuskar kowa a ciki. Muryata kuwa yana binta. Sai ya zama kullum ina tsugune a hagunsa, ina riƙe masa lissafi da carbina, idan ya kakare in ba shi. Ban taɓa cewa amin ba, ban taɓa rufe ido ba. Ban kuma daina zarginsa ba. Wata safiya a hanyar dawowa na tsaya na tambaye shi gaba da gaba ko ya hana a kore ni ne don yana so in shiga addininsa.

"Ina so mana," in ji shi. "Kullum ina roƙa maka. Amma ko ka ƙi, ina bukatar kunnenka."

Na ce to ni ma daga yau zan riƙa roƙa masa shiriya, mu ga wanda za a amsa wa. Ya yi dariya har da tari. Na yi tsammanin zai musa, da ya musa da na san maƙaryaci ne.

Bakin kogi ba ɗaki ba ne, kowa yana gani. Da sanyi ya shigo tattasan da ya rage ya farfaɗo, aka ce kun ga amfanin wankin nan. Amma gonakin kusa da tsamiya ba su tashi ba, aka ce to ai ga dalili, an wanke kaye ashe akwai wani kayen mai ƙafa biyu. Aka sake kira na zauren Goni, wannan karon da Hausa aka fara, don kada in ce ban ji ba. Na faɗa musu abin da Madam ta faɗa. Goni ya tambaye ni ko ina jin yaren Sin, na ce a'a. Ya ce to da me na san sunayen mutane ne, na ce ban sani ba, an dai gaya mini. Raina ya ɓaci na ce ai shi ya sa ni haddacewa, shi ya sa ni sata, yanzu kuma ni ne mai aljanu? Bulama ya ce in iya bakina a gaban malami. Goni bai ɗaga murya ba.

"Harshen da yake kiran waɗannan da hudowar rana ba zai kira mana asuba ba. Ka zaɓa, Isufu."

Na kwana uku ina zaɓa, ba na ɓoye muku, har na shirya abin da zan ce wa Madam, ciwon baya ya hana ni ɗaukar kujera. Uwarku ba ta ce in yi ba, ba ta ce in bari ba, abin da ta ce kawai, wanda ya fasa tulun mutum shi yake ɗebo masa ruwa har ya samu wani, haka aka yi mata a gidansu tana yarinya. Rana ta huɗu na kira asuba, na ja ta yadda ban taɓa ja ba, na yi salla, na ajiye makullin masallaci a gaban Goni, na je na ɗauki kujera. Aka ba wani ɗan'uwan Bulama ladanci, mutumin kirki ne, amma muryarsa ko bakin kasuwa ba ta kaiwa. Shekaru na yi idan ya kira sai in ji kamar an danne mini ƙirji. Na ci gaba da salla a masallacin nan a sahun baya, wasu suna matsawa idan kafaɗarmu ta haɗu. Bulama bai karɓe filinsa ba, don ƙanwarsa, amma bai sake sa hannu a kwano ɗaya da ni ba sai a ciwon ajalinsa. Ku kuma aka dinga ce muku 'ya'yan ladanin Shinuwa a lakwal, makarantar boko. Sani, na san ranar da ka dawo da tsagaggen leɓe ka ce faɗuwa ka yi, ku yafe mini wannan.

Wata biyar muka yi a haka. Da zafi ya shigo jikinsa ya ƙi, Madam ta ce za ta mai da shi gida. A lokacin kusan rabin sunayen ni nake ba shi. Ranar tafiya yana cikin mota ya riƙe hannuna ya tambaye ni wa zai ba shi idan ya kakare a can. Na ce Allah Yana nan. Ya so in ce wani abu ban da wannan, na gani a idonsa, ni kuwa ban yi masa alkawarin komai ba, don ina tsoron alkawari irin nasa. Damina ba ta zagayo ba Madam ta gaya mini ya rasu. Ta ce a ƙarshe suna uku ne suka rage masa, yana ta juya su.

Abin da aka haddace ba ya tambayar izini. Na tarar kullum idan rana ta ɗaga, lokacin hani ya wuce, ina cikin gona ina ban ruwa, sai harshena ya kama su daga farko har ƙarshe, kamar yadda ake tilawa don kada karatu ya zube. Idan na gama in ce, Allah Kai Ka halicce su, Ka fi ni sanin su. Amma zargin nan bai bar ni ba. Fiye da shekara goma ina yi ina cewa a raina, Isufu, idan fa Goni ne mai gaskiya? Sai da Sinawa masu aikin man fetur suka fara shigowa Diffa. Wata rana na ga ɗaya a kasuwa, mai furfura, yana zaɓen tattasai da tafintansa. Na daɗe ina zagaye su kamar ɓarawo, sannan na tsaya a gabansa na fara zubawa. Da farko dariya ya yi, yana kiran abokinsa ya zo ya ji. Ina kaiwa ta goma sai ya daina. Ya tsaya har na gama, ya yi wa tafinta magana a hankali. Tafintan ya ce wai sunayen mutanen ƙauye ne, irin na dā, yanzu ba a raɗa su, ɗaya ma irin sunan kakarsa ne, yana tambaya a ina na san su. Na ce a bakin kogi. Na bar kasuwa ban sayi abin da ya kai ni ba, na zauna a gindin tsamiyar nan na yi kukan da ban yi ba ranar da na ajiye makulli. Goni ya riga ya rasu, ban samu wanda zan kai wa labari ba sai uwarku, ita kuma ta ce ai ita ta daɗe da sani.

To ga dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami. A ƙasan akwatina akwai takarda cikin shuɗin ƙyalle, tsohon ne ya bar mini ƙyallen. Rubutun ajami ne da hannuna, layi arba'in da bakwai, idan kun karanta ba za ku gane ko ɗaya ba. Ba laya ba ce, ba asiri ba ne. Kada ku kai wa kowane malami ya duba muku, kada ku wanke ta. Na rubuta ta ne watan jiya, don wata safiya ina zaune a ƙofar gida na taho tiryan-tiryan har ta goma sha takwas, sai na tsaya. Na koma farko na taho, na sake tsayawa. Na waiwaya hagu, ba kowa.

Hadiza, ke kika ɗauko kunnena. Ba na ce ki haddace ba, na san abin da ya jawo mini. Amma idan kin zo gaishe ni da safe kika tarar bakina a buɗe ina kallon gabas, kada ki ce tsufa ne ki wuce kicin. Ki ɗauko takardar ki tsuguna a haguna. Ta goma sha tara Shiyu Lan ce, mai saƙa.